Gurgun Jadawalin Baba

Auta mace ce mai ƙyama, wannan ko a gidansu ba a musu. Tun tana ƙarama ba ta shan ruwa a kofin da wani ya kai baki, in kuwa ta shiga motar haya sai ta naɗe hannu da gefen mayafi kafin ta taɓa ƙofa. Da ta girma ta zama sakatariya a wani kamfani, sai ƙyamar ta bi ta har cikin kwamfuta. Takardar da aka buga da ƙazanta tana tayar mata da zuciya kamar kwanon da ya kwana ba a wanke ba. To irin wannan mutuniyar ce Yayanta ya zo wa ranar Asabar da safe, ya dire mata littafin Babansu a kan teburin gilashi na falonta, ya ajiye filashin kwamfuta a kai.

"Yaya, ɗauke min wannan abin daga kan gilashina," in ji ta, tun kafin su gama gaisawa.

"Abin nan da kike gani, rayuwar Baba ce," ya ce. "Zauna ki ji."

Baba malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Littafin kuwa darasinsa ne, wanda ya tara tsawon aikinsa: wane magani ake ba akuya, wanne ake ba tunkiya, saniya da kaza, nauyin dabba a wannan layi, yawan allura a wancan. Kusan rabinsa jadawali ne. Duk bayan 'yan watanni ofishin kula da lafiyar dabbobi yakan kira shi ya koyar da sababbin ma'aikata, a yi fotokwafin littafin a raba musu. Tun rasuwar Mama, wannan kiran ne kaɗai ke sa Baba ya ce a goge masa farar rigarsa. Sauran kwanakin yana kan kujerar baranda, rediyo na yi masa surutu.

Yanzu an yi sabon shugaba a ofishin, matashi mai son tsari. Ya ga littafin ya yamutsa fuska. Ya aiko wa Yaya da saƙo cewa ba za a ƙara raba wa ɗalibai wannan hargitsin ba. Ko dai a kawo shi a gyare ranar Litinin da za a shiga aji, ko su nemi wani malamin.

"In suka daina kiran sa, kin san sauran," in ji Yaya. "Kujerar nan ce za ta cinye shi."

Auta ta san sauran. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga bangon littafin, wani wari ya bugo ta, warin tsohuwar takarda da gumi da maganin tsutsa. Kai, jama'a! Gefen shafukan ya yi baƙi ƙirin da dattin babban yatsa. Nan zoben gindin kofin shayi, can ɗigon wani abu mai launin ƙasa da ba ta so ta san ko mene ne, ga kusurwoyi a nannaɗe, ga salatif da ya tsufa ya koma rawaya. Amma ba dattin ne ya fi ɓata mata rai ba. Shafin ne kansa. Wani jadawalin ya zame dama har layinsa na ƙarshe ya fita daga takarda. Wani ya faɗo can ƙasan shafi ya bar wawakeken fili a sama. Wani ya rabu biyu, kansa a wannan shafi, ƙafafunsa a na gaba. Akwai ma wanda ya hau kan rubutu ya zauna daram.

"Wane mara tsoron Allah ne ya buga wannan?"

"Yanzu-Yanzu mana. Wa kuma?"

Ta ja tsaki. Yanzu-Yanzu shi ne mai shagon buga takardu a bakin layinsu, sunan ya bi shi ne saboda duk aikin da ka kai masa haka zai ce maka, ka dawo bayan sati ka tarar bai taɓa ba. Ta taɓa shiga shagon sau ɗaya, ta ga madannan kwamfutarsa sun yi maiƙo, ɓurɓushin burodi a tsakanin haruffa, ba ta sake komawa ba. Shekara da shekaru, duk lokacin da Baba ya tuna wani sabon magani sai ya taka can, a cusa masa shi a duk inda ya samu shiga.

"Ki kula da filashin nan," Yaya ya ce yana miƙewa. "Kwamfutar Yanzu-Yanzu ta mutu tun bara, wannan kaɗai ya rage. Littafin ma da ƙyar Baba ya sakar min, ya ce lallai a mayar masa. Ya ce ki kira shi kafin ki fara."

Ta wanke hannu da sabulu, sannan ta kira.

"Autata," in ji Baba, muryarsa da fara'a. "An ɗora miki wahala ko?"

"Ba wahala, Baba. Zan mayar da shi sabo fil."

"A'a, ba sai ya zama sabo ba. Ki gyara haruffan da suka karkace, ki goge dattin. Jadawalan nan kuwa ki bar min su inda suke zaune."

"Haba Baba, ai su ne matsalar. Su shugaban ya gani ya ce ba ya so."

"Sun saba da wurinsu," ya ce yana dariya. "Ni ma na saba da su. Akwai gurgun nan na awaki, akwai mai rami a ka na tumaki. In na ce wa yara su buɗe shafin gurgu, dariya suke yi, kuma ba sa mantawa."

"To, Baba," ta ce.

Wannan "to" ɗin, duk wanda ya haifi 'ya ya san irin ta. Ba amincewa ba ce, sallama ce. A ranta cewa take yi tsufa ne kawai da taurin kai, mutum ya saba da karyayyar kujera har ya ƙi sabuwa. Ta kashe waya, ta buɗe laftof ɗinta, ta soka filashin tana addu'ar kada ya shafa mata wata cuta.

Abin da ta fara lura da shi, fayil ɗin bai ma yi kama da littafin da ke gabanta ba. Jadawalin da ke ƙasan shafi a takarda, a kwamfutarta ya yi tsalle ya koma shafi na gaba. Ta san wannan ciwon. Jadawalan ba a zaune suke cikin rubutu ba, yawo suke a samansa, kowace kwamfuta aka buɗe su sai su sauka inda suka ga dama. Ta kama na farko da linzamin kwamfuta ta ja shi sama kaɗan. Sai na shafin gaba ya ruga ya haye kan take. Ta dawo da shi. Sai wani sakin layi ya matse ya koma siriri a gefen jadawalin, kalma ɗaya a kowane layi, yana gangarowa har ƙasa.

"Lallai ma," ta ce. "Bari in ga abin da ke ƙarƙashinku."

Akwai wani ɗan madanni a saman allo da ke tona duk abin da mai bugu ya danna wanda ba ya fita a takarda. Ta danna shi. Wallahi sai da ta ja kujerarta baya. Kamar ka ɗaga tabarmar da ta shekara a shimfiɗe ka tarar da kashin ɓera. Ɗige-ɗige ne ko'ina, baƙi sitik, inda mutumin nan ya ɗora yatsa kan dogon madanni ya danne har sai kalma ta matsa inda yake so. Duk farin filin da ta gani a shafi, ashe ba fili ba ne, madannin Enta ne aka yi ta bugawa, layi bayan layi babu komai a ciki, don a tura jadawali ƙasa da ƙarfin tsiya. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ji kamar ta sake wanke hannu.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Ta shiga jadawalin shanu, ta tarar a cikin wani jadawalin yake, shi ma wancan a cikin wani, kamar tukwane da aka jera ciki da ciki. Na tumaki an saka shi a cikin akwatin rubutu, an ɗaure ƙugiyarsa a wani layi da ke can shafuka biyu baya, shi ya sa ko tari ka yi a farkon littafin sai ya motsa. Na kaji kuwa da ta danna shi, sai ta ga ba jadawali ba ne sam. Hoto ne. Wani ya ɗauki hoton takarda da waya ya manna, har da inuwar babban yatsansa a kusurwa.

Ta san yatsan. Ta kira Yaya.

"Kai ne ka manna hoton nan a shafin kaji?"

"Ya ƙi zama ne," in ji shi ba ko kunya. "Na ja, na ja, ya ƙi. Sai na yi masa dabara."

"Dabara? Yaya, farcenka ya fito a littafin Baba! Ko yanke shi ba ka yi ba!"

"Ke dai gyara kawai, Hajiyar tsafta."

Ta kashe wayar a kunnensa. Allah wadaran wannan aiki, in ji ta, da wanda ya fara shi da wanda ya ɗora a kai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tunanin cewa shekara da shekaru ubanta, mutumin da ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa, yana tsayawa gaban mutane da wannan ƙazantar a hannu. Ta tabbata dariyar da yake cewa yara na yi, ba ta jin daɗi ba ce. Shi suke yi wa.

Sai ta naɗe hannun riga. Faci ba zai yi ba, sai dai a rushe. Ta share Entocin nan kaf, ta kwashe ɗige-ɗigen a shara ɗaya. Ta bi jadawalan ɗaya bayan ɗaya, ta shiga saitin kowanne ta hana rubutu zagaye shi, ta sauko da shi daga yawon da yake ta zaunar da shi cikin layi. Ta fito da na tumaki daga akwatinsa ta jefar da akwatin. Ta warware na shanu daga cikin 'yan uwansa. Na kaji ta sake buga shi da hannunta, lamba bayan lamba, tana duba tsohon littafin da ta buɗe da bakin biro don kada ta taɓa shi. Ta ɗaure kowane take da jadawalinsa yadda ba za su sake rabuwa ba, ta hana layi tsagewa tsakanin shafi biyu, ta sa kan jadawali ya maimaita kansa in ya tsallaka. Faɗinsu ɗaya, tsakiyarsu ɗaya, harafinsu ɗaya.

Gurgun na awaki ne ya fi ba ta wuya. Duk yadda ta daidaita shi sai ya sake zamewa dama. Ta yi ta bincike har ta gano an tura gefensa na hagu da wani awo na hauka, wataƙila gwiwar hannun Yanzu-Yanzu ce ta danna wani abu yana cin abinci. Ta mayar da awon sifiri. Jadawalin ya dawo tsakiya ya tsaya cak, kamar sauran.

"Ka warke," ta ce masa. "Ba sauran gurgu a gidan nan."

Aikin ya cinye mata Asabar da rabin Lahadi. Mijinta ya leƙo ya ce ko abinci ba za ta ci ba, ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba tukuna. Da ta gama, ta gangara da shafukan daga farko har ƙarshe, ta ji wani sanyi a ranta. Kowane shafi kamar ɗan'uwansa: take a sama, bayani kaɗan, jadawali a tsakiya. Littafin ma ya rage kauri, tunda ramukan sun tafi. Ta adana sabon a kan tsohon, ba ta bar ko ɓurɓushinsa a filashin ba.

Saura abin da ke kan gilashinta. Ta dube shi, ta dubi zoben maiƙon da ya bari. Baba ya ce a mayar masa, ta sani. Amma me zai yi da shi bayan ga sabo? In ta mayar, gobe ma shi zai ɗauka ya shiga aji, shugaban ya gani, duk wahalarta ta tashi a banza. Ta zura hannu cikin leda, ta ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar mataccen ɓera, ta ƙulle bakin ledar, ta sauka ta wurga shi cikin babban kwandon sharar da duk mutanen gidan hayar ke zubawa. Ta dawo ta goge teburin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta.

Litinin da safe ta nemi izini a wurin aiki, ta biya inda aka buga mata kwafe-kwafen aka yi musu bango mai sheƙi, ta wuce gidan Baba. Ta tarar da Baba a baranda cikin farar riga, ya riga ya shirya, yana shafa bakin kofin shayi da yatsa kafin ya zuba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora masa sabon littafin a cinya.

Ya shafa bangon. "Masha Allah. Santsi kamar gilashi." Ya buɗe, ya juya shafi, ya juya wani, ya juya wani. Hannunsa ya rage sauri.

"Ina nawa, Auta?"

"Ga shi a hannunka, Baba."

"Tsohon nake nufi."

"Yana can gidana," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, a gidan yake. "Wannan ya fi shi komai. Duba jadawalin awaki, ya miƙe."

"Ya miƙe," in ji Baba a hankali.

Yaya ya danna hon a waje, ya ce za su makara. Baba ya miƙe ya sa littafin a hammata. A mota bai yi magana ba. Auta ta ɗauka daɗi ne ya cika shi, har tana taɓa Yaya tana nuna masa shi da ido.

Ajin wani ɗaki ne mai tsawo a bayan ofishin, da benci-benci da fanka mai ƙara, ƙamshin maganin dabbobi ya kama labulen. Matasa sun cika shi, maza da mata. Sabon shugaban ya karɓi kwafi ɗaya, ya bi shafukan da babban yatsa, ya ɗaga gira.

"Yanzu na ga littafi," ya ce. "Wa ya yi wannan?"

"'Yata ce," in ji Baba.

Auta ta zauna a bencin baya kusa da Yaya, kanta ya yi girma. Aka raba littattafan.

Baba ya fara da baki, kuma a nan ba mai kama ƙafarsa. Ya yi musu bayanin yadda ake gane dabbar da tsutsa ta kama tun daga yadda take tsayuwa, yadda ake duba fatar ido, yadda makiyayi zai rantse maka akuyarsa ta fi nauyin da take da shi don a ƙara mata allura. Aji ya yi dariya. Shugaban ma ya murmusa.

"To, yanzu ku buɗe shafin gurgu," in ji Baba, bakinsa ya riga shi.

Ɗalibai suka dubi juna. Ba wanda ya san gurgu.

"Na awaki nake nufi," ya gyara. Ya buɗe nasa. Ya juya, ya juya. Ya kai littafin kusa da fuska har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya janye shi nesa, ya karkata shi wajen taga. Babban yatsansa na bin gefen shafukan yana neman wani abu, lanƙwasa ko salatif, bai samu komai ba sai santsi. Ya koma farko ya sake juyawa. Fanka na ta ƙara. A ƙarshe ya tsaya a wani shafi, ya ɗora yatsa a tsakiyar jadawalin, ya gyara murya, ya fara karantawa da ƙarfi: akuya mai nauyi kaza, allura kaza, a ƙarƙashin fata. Lambobin na fita daga bakinsa tiryan-tiryan, babu gargada.

Wata ɗaliba a bencin gaba, wadda ke iya hango littafinsa, ta ɗaga hannu a ɗarare.

"Baba, yi haƙuri. Shafin da ka buɗe na kaji ne."

"Na'am?"

"Jadawalin kaji ne a gabanka. Na awaki yana baya."

Wani ya yi 'yar dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Baba ya juya baya, ya wuce, ya dawo. Ya tsaya a wani shafin ya ɗago kai yana duban yarinyar, yana jiran ta gaya masa ko ya dace. Ta girgiza kai a hankali.

A nan ne abin ya faɗo wa Auta, gaba ɗaya, kamar an watsa mata ruwan sanyi. Baba ba ya ganin rubutun. Ba yau ya daina gani ba. Yatsan da yake shafa bakin kofi da shi, tabaran da kullum yake cewa ya manta inda ya ajiye, saƙon waya da yake miƙa wa Yaya ya ce karanta min hannuna da ruwa. Lambobin duk suna kansa, ya haddace su tun tana goye. Abin da idonsa ke iya kamawa kawai shi ne siffar shafi, inda baƙi ya taru da inda fari ya buɗe. Baƙin da ya zame dama, awaki ne. Farin rami a sama, tumaki. Mai duhun hoto, kaji. Da su yake gane inda yake, ya ɗora yatsa, ya karanto daga ka, kowa ya ɗauka daga takarda ne. Ita kuwa ta zauna kwana biyu ta mayar masa da kowane shafi kamar ɗan'uwansa.

Ta yunƙura za ta tashi ta je ta buɗe masa, Yaya ya riƙe mata hannu. Ta riga ta makara. Shugaban ya riga ya miƙe. Ba mugu ba ne, fuskarsa ma tausayi ce a kanta, kuma wannan ya fi zafi. Ya zo ya tsaya kusa da Baba, ya rage murya, amma ɗakin ya yi tsit har ana jin komai.

"Baba, allura ce muke koyarwa. Ka huta, bari in ƙarasa musu jadawalan." Ya karɓi littafin daga hannunsa da hannu biyu. "Littafin ya yi kyau ƙwarai, kowa zai iya koyarwa da shi yanzu. Mun gode da duk abin da ka yi mana."

Kowa zai iya koyarwa da shi. Auta ta ji maganar har cikin haƙoranta.

Suka kama hanyar gida. Da suka iso, Baba ya cire farar rigar ya miƙa wa Yaya, bai ce a rataye ba, bai ce a wanke ba. Ya koma kujerar baranda. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa fita. Ba ta taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda take jin ƙyamar hannayenta masu ƙamshin sabulu a lokacin ba.

"Kai ka sani?" ta tambayi Yaya a tsakar gida.

"Na yi zargi," ya ce, kansa a ƙasa. "Ban so in tambaya ba."

Ta tari abin hawa ta koma gidanta. Ba ta hau sama ba, bayan gida ta zagaya. Masu kwasar shara ba su zo ba, dama sai sun ga dama suke zuwa, kwandon ya cika ya tumbatsa, rana ta dafa shi. Ƙudaje suka tashi buu. Wari ya daki fuskarta har idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zura hannu, babu leda babu safar hannu. Ƙayar kifi, ɓawon ƙwai, ruɓaɓɓen tumatir, ƙunzugun jaririn maƙwabta, wani ruwa mai yauƙi da ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ta yi kakarin amai, ta juya kai ta tofar, ta ci gaba da tonawa. Matar mai gidan ta leƙo ta taga ta ce, "Lafiya, Maman tsafta? Zobe ne ya faɗa?" Can ƙasa ta taɓo ƙullin ledar. Ta ɓarke ta. Ruwan shara ya shiga ta gefe ɗaya ya jiƙa bangon, amma cikin yana nan.

Ba ta tsaya wanka ba. Ta goge bangon da gefen mayafinta, ta rungume shi a ƙirji, ta koma. Mai abin hawan sai toshe hanci yake yi.

Baba na nan inda ta bar shi, rediyon a kashe. Ta durƙusa a gabansa ta ɗora masa littafin a cinya. Ya shaƙi iska, ya ɗan yamutsa fuska.

"Daga ina kike haka, Auta?"

"Daga inda na jefar da shi, Baba. A shara na sa shi. Ka yafe min."

Hannunsa ya sauka kan bangon, ya tsaya. Sai babban yatsan ya gangara gefen shafukan, ya wuce lanƙwasa ta farko, ya wuce salatif, ya shige. Buɗewa ɗaya. Jadawalin na nan ya zame dama, layinsa na ƙarshe a waje da takarda.

"Ga gurguna," ya ce, yana shafa shi da tafin hannu.

"Zan je wurin shugaban," ta ce da sauri, hawaye na zuba. "Zan gaya masa laifina ne. Zan mayar da kowane jadawali inda yake, in karkata shi da hannuna, wallahi na iya. In ya so in riƙa bin ka ajin ina buɗe maka."

"Za ki iya mayar da su," in ji Baba. "Abin da yaron nan ya gani fa, da me za ki goge shi?"

Ya rufe littafin a hankali, ya miƙa mata.

"Aikinki ya yi kyau, kowa ya yaba. Sa min wannan a ƙarƙashin matashi, inda yake kwana." Ya lalubi rediyon a gefensa, ya murɗa. "Ki je ki wanke hannunki, Autata. Na san ba kya son datti."